Yanke Shawara: Gaggawa da Tsinkaye a Shugabanci Cikin Tsofaffin Wasannin Kwaikwayo

Tsakure

Masu nazarin wasan kwaikwayo sun daɗe suna raba shugabannin da ke cikin tsofaffin wasanni gida biyu, masu gaggawa da masu jan ƙafa, daga nan su ce mafita ita ce a tsaya tsaka-tsaki. Wannan takarda ta sake karanta wasanni huɗu, biyu daga birnin Atina na ƙarni na 5 kafin miladiyya, biyu daga alƙalamin Shekspiya na Ingila. Ta nuna cewa taurarin da suka halaka, sun halaka ne domin sun yi tunaninsu su kaɗai, kuma sun aikata abin da ba ya gyaruwa tun kafin wani ya sami damar ce musu a'a.

Gabatarwa

Ina so in fara da kalma ɗaya ta harshenmu. In Bahaushe ya tsayar da magana a kan wani al'amari, sai ya ce ya yanke shawara. Kalmar da yake amfani da ita wajen neman ra'ayin mutane, ita ce dai yake amfani da ita wajen zartar da hukunci. Ma'ana, a tunanin harshen, sai an shimfiɗa magana a gaban jama'a, ta yi tsawo, sannan wani ya sa wuƙa ya yanke. Abin da ba a shimfiɗa ba, babu abin yankewa a cikinsa. Wannan ne ya sa ake cewa shawara ɗaukar ɗaki: jinka komai ƙanƙantarta, mutum ɗaya ba ya ɗora ta a kan bango.

Da wannan ma'auni nake so mu dubi mutane huɗu: Kiriyon sarkin Tibis a wasan Antigoni na Sofokilis, Hamlet ɗan sarkin Danmak, Burutus a wasan Yuliyus Kaisar, da Felasgos sarkin Argos a wasan Masu Neman Mafaka na Iskilas. An saba a ajiye Kiriyon a gefe guda a matsayin mai gaggawa, a ajiye Hamlet a ɗaya gefen a matsayin mai yawan tunani. Fim ɗin Hamlet da Lorens Olibiya ya yi a 1948 ma da wannan ya buɗe, ya gabatar da tauraron a matsayin mutumin da ya kasa tsayar da magana. Ni dai wannan rabon bai gamsar da ni ba, domin in aka bi wasannin fitowa bayan fitowa, za a ga Kiriyon ya yi jinkiri inda jinkiri ya yi kisa, Hamlet kuma ya yi gaggawar da ko Kiriyon bai yi irinta ba.

Kiriyon: hukunci kafin zama

Sofokilis ya san mulki daga ciki. An gabatar da Antigoni wajen shekarar 441 kafin miladiyya, kuma a daidai wannan lokaci aka zaɓe shi cikin janar-janar goma na Atina, ya tafi yaƙin tsibirin Samos tare da jagoran birnin, Ferikilis. Kafin nan ya riƙe baitulmalin ƙawancen biranen Girka. Mutumin da ya rubuta Kiriyon ya zauna a majalisar da ake yanke hukuncin rai da mutuwa.

Labarin gajere ne. 'Ya'yan tsohon sarki Idifus biyu sun kashe juna a ƙofar Tibis, Itiyokilis yana kare gari, Folinaikis yana kawo masa hari da rundunar waje. Kawunsu Kiriyon ya hau gado da safiyar da yaƙi ya ƙare, ya ba da doka: a yi wa na farko jana'izar girma, na biyu a bar gawarsa a fili ga karnuka da ungulaye, wanda ya binne shi a jefe shi. Ƙanwarsu Antigoni ta je ta watsa wa gawar ƙasa.

Ya kamata mu yi wa Kiriyon adalci. Gari ya fito daga yaƙin basasa, sabon sarki yana bukatar ya nuna cewa zumunci ba zai ceci maci amanar ƙasa ba. A dokar Atina kanta ana hana binne maci amana a cikin ƙasarta. Jawabinsa na farko kuwa ya yi kyau har Dimostinis, shahararren mai jawabin Atina, ya sa aka karanta shi a kotu kusan shekara ɗari daga baya, a matsayin misalin kishin ƙasa. A cikin jawabin ma Kiriyon ya soki shugaban da ba ya bin shawara mafi kyau, wanda tsoro ke rufe wa baki.

Amma mu lura da jerin abubuwan. Tun a fitowar farko, kafin sarki ya bayyana, Antigoni tana gaya wa 'yar'uwarta Ismini cewa an riga an yi shelar dokar. Bayan nan ne Kiriyon ya kira dattawan gari zama na musamman. An tara su ne domin a sanar da su, kuma a gargaɗe su kada su goyi bayan mai saɓawa. Wuƙa ta riga ta yanka kafin a shimfiɗa komai.

Daga nan Sofokilis ya jera masa dama har sau huɗu, kowace ta fi ta baya ƙarfi. Da mai gadi ya kawo labarin an binne gawar, dattawa suka yi ƙarfin halin cewa wataƙila akwai hannun alloli a ciki. Sarki ya daka musu tsawa, ya zargi masu gadi da karɓar toshiya. Antigoni ta tsaya gabansa ta ce dokar sarki ba ta shafe dokar da ta girme shi. Ya ɗauki maganar a matsayin mace na neman ɗora masa ƙafa. Ɗansa Haimon, wanda aka yi wa baiko da yarinyar, ya zo cikin ladabi, ya gaya masa abin da talakawa ke raɗawa a ɓoye, abin da sarki ba zai taɓa ji da kunnensa ba saboda tsoronsa da ake yi. Ya ba shi misalin itatuwan bakin rafi, waɗanda suka rusuna wa ambaliya suka tsira, waɗanda suka ƙi ruwa ya tumɓuke su. Uban ya tambaya ko yaro ne zai koya masa hankali, ko kuwa gari ne zai faɗa masa yadda zai yi mulki. Na huɗu shi ne makahon boka Tiresiyas, wanda yaro ke yi wa jagora. Shi ma sarki ya ce kuɗi aka ba shi.

A kowane mataki Kiriyon yana tunani, har yana kawo hujja, yana ma sassautowa kaɗan: ya bar Ismini, ya canja jifa zuwa rufewa a kogon dutse da ɗan abinci. Sai dai tunanin nasa duk na kare hukuncin da ya riga ya fita ne. Duk wanda ya kawo masa labari mara daɗi, sai ya nemi dalilin da zai sa ya ƙi sauraronsa: wannan mace ce, wannan yaro ne, wannan an saye shi.

Akwai wani wuri ƙarami da nake ganin shi ne zuciyar wasan. Bayan Tiresiyas ya yi masa gargaɗin mutuwar ɗansa ya tafi, Kiriyon ya karaya, a karon farko ya tambayi dattawa abin da zai yi. Suka ce ya je ya saki yarinyar daga kogo, sannan ya gina wa mamaci kabari, kuma ya yi sauri. Ɗan aiken da ya dawo ya ba da labarin abin da ya faru: sarki ya fara zuwa wurin gawa, aka wanke ta, aka ƙona abin da ya rage, aka tara tudun ƙasa, sannan aka nufi kogo. Sun tarar Antigoni ta rataye kanta. Haimon ya kai wa ubansa sara bai same shi ba, ya juya takobin ya soke kansa. Uwarsa Yuridisi da ta ji, ita ma ta kashe kanta. Mamaci zai iya jira, mai rai a cikin kogo ba za ta iya ba. Mutumin da ya yi saurin rufe ta, da lokacin buɗe ta ya yi sai ya ba jinkiri hanya. Ko a lokacin da ya karɓi shawara, sai da ya juya ta.

Ban ga yadda za a wanke dattawan Tibis ba. Antigoni ta faɗa a gabansu cewa ra'ayinsu ɗaya da nata, tsoro ne ya kulle musu baki. A tsarin wasan Girka su ne 'yan amshi, kuma a mafi yawan wasan abin da suka zama ke nan a ma'anar da muka sani, 'yan amshin shata. Sun yi magana ƙarara ne bayan sarki ya riga ya karye. Shugaban da ya saba wa fadawansa da tsawa, ranar da yake bukatar gaskiya, a makare za ta iso.

'Yan kallon Atina sun ga irin wannan a zahiri bayan 'yan shekaru. Masanin tarihi Tukididis ya ruwaito cewa a 427 kafin miladiyya majalisar jama'ar Atina ta zartar da kashe dukkan mazan birnin Mitilini saboda tawaye, aka tura jirgi da umarni. Da gari ya waye jikin mutane ya yi sanyi, aka sake zama, aka soke hukuncin da ƙaramin rinjaye. Jirgi na biyu ya bi na farko, matuƙa suna cin abinci suna tuƙi, suna barci bi da bi, suka isa daidai lokacin da kwamanda ya gama karanta umarnin farko. Abin da ya ceci birnin shi ne akwai wurin da za a sake buɗe magana, kuma da aka buɗe ta aka canja, ba a tsaya wani abu a hanya ba.

Hamlet: ɗaki mai mutum ɗaya

An rubuta Hamlet wajen 1600 zuwa 1601. Tun daga Gote na Jamus da Kolrij na Ingila, har zuwa littafin Biradli na 1904 a kan wasannin ban tausayi na Shekspiya, tambayar da ta mamaye nazarinsa ita ce me ya sa ya yi jinkirin ɗaukar fansar ubansa.

Jinkirinsa na farko ni ina ganin daidai ne. Fatalwa ce ta gaya masa cewa baffansa Kalaudiyos, wanda ya hau gado, ya kashe ubansa da guba. Ɗalibi ne daga jami'ar Witinbag, kuma ya faɗa da bakinsa cewa abin da ya gani yana iya zama shaiɗan ne ya ɗauki siffar mahaifinsa domin ya halaka shi. Mutumin da ya ƙi kashe sarki a kan maganar fatalwa har sai ya sami hujja, bai cancanci zargi ba. Ya sa 'yan wasa suka kwaikwayi irin kisan a gaban sarki domin ya ga yadda fuskarsa za ta yi. Muhimmin abu a nan shi ne ya jawo abokinsa Horeshiyo, ya ce shi ma ya zuba ido, bayan wasa su haɗa abin da kowa ya gani. Wannan ne wuri guda da Hamlet ya sa wani ido ya duba nasa, kuma nan ne ya sami sakamako mai inganci.

Abin da ya biyo baya cikin dare ɗaya shi ne ya rusa rabon da ake yi. A kashi na uku, ya tarar da Kalaudiyos a durƙushe shi kaɗai, ga hujja ya samu, ga takobi a hannu. Ya fasa, domin a zancen zucinsa ya ƙudurta cewa kashe mutum yana addu'a aika shi aljanna ne, shi kuwa so yake ya same shi cikin zunubi. Mai kallo ya san abin da Hamlet bai sani ba: sarkin ya kasa tuba, kalmomi ne kawai ke fita. Ko da mun ajiye wannan, dalilin kansa ya nuna inda tunanin kaɗaici ke kai mutum. Ya tashi daga neman adalci ya koma neman ya yanke wa wani makomarsa ta lahira.

Fitowa ta gaba, a ɗakin uwarsa, ya ji motsi bayan labule. Bai ɗaga labulen ba, bai tambaya ba, ya luma takobi. Tsoho Foloniyos ne, babban bafaden sarki. Mutumin da ya ɗauki makonni yana neman tabbaci, ya kashe rai a kan motsin ƙyalle. Daga wannan suka guda sauran masifu suka kwararo: 'yarsa Ofiliya ta zautu ta nitse, ɗan'uwanta Layatis ya dawo neman fansa, sarki ya sami hujjar korar Hamlet zuwa Ingila. A cikin jirgi ya gano wasiƙar da ke umartar a kashe shi, ya sake rubuta ta da sunan abokan ƙuruciyarsa biyu da ke yi masa rakiya. Kuɓutar da kansa tana bukatar sauri, wannan gaskiya ne. Aika su ga mutuwa kuwa ƙari ne da babu abin da ya tilasta shi, kuma wasan bai nuna sun san abin da ke cikin wasiƙar ba.

Kafin wasan takobinsa da Layatis a ƙarshe, Hamlet ya ce yana jin wani abu a zuciyarsa. Horeshiyo ya ce to ya bi zuciyar, shi zai je ya ba da uzuri. Ya ƙi. Rayuka takwas suka salwanta a cikin wasan, gidan sarauta ya ƙare, ƙasar ta faɗa hannun Fotinbiras na Norwe ba tare da ya yi yaƙi ba. Abin da ya fi damuna da Hamlet a matsayin magajin gado shi ne zantukan zucinsa, masu zurfi da daɗin ji, duka shi kaɗai yake yin su. Babu majalisa, babu dattijo, babu wanda zai ce masa wannan dalilin naka bai tsaya ba. Shi ya sa yake lilo tsakanin sanƙarewa da zabura.

Burutus: mai sauraro da ba ya ji

Yuliyus Kaisar ya riga Hamlet da kaɗan, a 1599, kuma Shekspiya ya ɗauko shi daga tarihin Fulutak da Tomas Nos ya fassara a 1579. Burutus ya fi sauran haɗari, domin shi kamilin mutum ne, kowa ya yarda da gaskiyarsa, shi ma ya yarda da ita.

Hukuncin kashe Kaisar a lambu ya yanke shi, cikin dare, shi kaɗai. Ya fara da sakamako, wato dole Kaisar ya mutu, sannan ya koma neman dalili. Ya amsa cewa ba shi da wani ƙorafi na kansa, kuma bai taɓa ganin son rai ya rinjayi hankalin Kaisar ba. Sai ya gina hujjarsa a kan abin da mutumin zai iya zama in ya sami rawani, ya kamanta shi da ƙwan maciji da ya kamata a fasa kafin ya ƙyanƙyashe. Wasiƙun da suka ƙara masa ƙarfi, waɗanda ya zaci daga talakawan Rum suke, abokin makircinsa Kasiyus ne ya ƙirƙire su aka jefa masa ta taga.

Bayan nan yana zama da abokan makirci, ana magana, amma duk maganar da aka kawo tasa ce ke tsayawa. An ce a yi rantsuwa, ya ce a'a. An ce a jawo dattijon majalisa Sisaro, ya ce a'a. Kasiyus ya ce a kashe har da Antoni, aminin Kaisar, ya ce a'a. Bayan kisan ya ba Antoni izinin jawabi a kan gawa, Kasiyus ya ja shi gefe ya gargaɗe shi, bai ji ba, har ya bar dandalin kafin Antoni ya fara. Fulutak kansa ya lissafa barin Antoni da rai da kuma yarda da jana'izar a matsayin kurakuran Burutus biyu. A ƙarshe Kasiyus, wanda ya fi shi sanin yaƙi, ya ce su tsaya abokan gaba su zo su same su a gajiye. Burutus ya katse shi da misalin igiyar ruwa da in ba a bi ta lokacin da ta cika ba an yi asara, suka tafi Filibi, inda a tarihi aka ci su a shekarar 42 kafin miladiyya. Ana yawan ɗauko wannan jawabin igiyar ruwa a matsayin darasin zafin nama ga shugabanni, ana mantawa da cewa a cikin wasan shi ne ya kai rundunar ga halaka.

Ba ina cewa shawarwarin Kasiyus duka na kirki ba ne. Kashe Antoni ƙarin jini ne. Abin lura shi ne majalisar Burutus siffa ce kawai. Kiriyon da tsawa yake rufe bakin mutane, Burutus da kwarjinin nagarta. Wanda ya yi masa musu sai ya ji kamar da gaskiya kanta yake jayayya, sai ya ja da baya.

Felasgos: sarkin da ya kai magana gaban jama'a

Wasan Masu Neman Mafaka ba a cika karanta shi ba. An daɗe ana ɗaukarsa mafi tsufa cikin wasannin Iskilas, har sai da aka buga wani guntun takardar fafiras daga Masar a 1952, wanda ya dawo da shi wajen 463 kafin miladiyya, lokacin da mulkin jama'a ke ƙara kafuwa a Atina.

'Ya'yan Danawus mata hamsin sun gudo daga Masar domin kada a aurar da su dole ga 'ya'yan baffansu. Suka sauka a Argos, suka fake a wurin bauta, suka ce su jinin garin ne tun asali. Sarki Felasgos ya fahimci matsalar nan take. In ya karɓe su, ya jawo wa garinsa yaƙi da Masarawa. In ya kore su, ya jawo fushin Zus, wanda a aƙidarsu shi ne majiɓincin mai neman mafaka. Ya faɗa a fili cewa babu mafitar da ba ta da ciwo, kuma ya kamanta tunanin da ake bukata da nutson mai shiga ƙarƙashin teku da ido a buɗe.

Matan suka matsa masa da maganar da kowane mai mulki ke son ji: kai ne gari, kai ne jama'a, babu mai tuhumarka, ka yanke kawai. Abin da Kiriyon ya faɗa wa kansa, shi aka miƙa wa Felasgos, ya ƙi karɓa. Ya ce ba a ƙofar gidansa suka fake ba, a wurin bautar gari ne, in jini zai zuba na mutanen gari ne, don haka ba zai yi alkawari ba sai ya kai musu magana. Da suka yi barazanar rataye kansu a jikin gumakan, ya karkata ga ba su kariya, amma duk da haka ya tafi majalisa. Danawus ya dawo da labarin cewa hannaye sun tashi gaba ɗaya, an ba su izinin zama a matsayin 'yantattu, wanda kuma ya ƙi taimakonsu in an kawo musu hari za a kore shi daga gari.

Fitowar da ta biyo baya ita ce amsar masu cewa shawara tana raunana shugaba. Jirgin Masarawa ya iso, manzonsu ya fara jan matan da ƙarfi. Felasgos ya zo ya kore shi da kalmomi kaɗan, ba inda-inda, ya karɓi barazanar yaƙi ba tare da ya girgiza ba. Mutumin da ɗazu yake juyayi a gaban kowa, yanzu babu wanda ya kai shi tsayuwa, domin hukuncin da yake karewa na gari ne duka.

Za a iya kawo suka biyu, kuma dukansu suna da nauyi. Na farko, Felasgos ya riga ya karkata kafin ya je majalisa, ya tura Danawus ya ajiye rassan neman mafaka a wuraren bautar gari domin a tausaya, ya kuma yi amfani da fasahar magana. Ashe ba shi ma ya yanke kafin zama ba? Bambancin shi ne bai aikata komai da ba ya warwaruwa ba kafin a kaɗa ƙuri'a. Shugaba ya shiga majalisa da ra'ayi, ya kare shi iya ƙarfinsa, wannan aikinsa ne, matuƙar majalisar tana da ikon ƙi. Suka na biyu ya fi ɗaci. Wasanni biyu da suka biyo bayan wannan sun ɓata, amma tatsuniyar da aka gina su a kai sananniya ce: auren ya auku, kuma matan in ban da ɗaya sun kashe mazansu a daren farko. Wato shawarar kirki ba ta hana masifa zuwa ba. Na yarda da wannan. Musulmi daga cikinmu sun san ayar Suratu Ali Imrana da ta jera neman shawara, sannan ƙuduri, sannan tawakkali, kuma malaman tafsiri sun nuna ta sauka ne bayan Uhudu, wato bayan shawarar da aka bi ta zo da rauni. Abin da Argos ta samu shi ne ta shiga wahalarta a haɗe, da saninta. Tibis kuwa mutum ɗaya ya jefa ta, kuma shi kaɗai aka bari a dandali yana roƙon a janye shi daga idon mutane.

Kira ga sassan Hausa

Waɗannan wasanni sun daɗe da shigowa Afirka. Nelson Mandela ya ba da labarin yadda ya fito a matsayin Kiriyon lokacin da fursunoni suka yi Antigoni a kurkukun tsibirin Roben. Juliyus Nyerere ya fassara Yuliyus Kaisar zuwa Suwahili, aka buga a 1963 yana kan mulki. A nan gida Ola Rotimi ya mayar da labarin Idifus ƙasar Yarabawa, Femi Osofisan ya yi haka da Antigoni, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya ba mu Daren Sha Biyu daga Shekspiya a 1971.

Ɗalibanmu na yau su ne hakimai, alƙalai, shugabannin ma'aikatu da 'yan majalisa na gobe, kuma na fi son su haɗu da Haimon yana roƙon ubansa cikin harshen da suke mafarki da shi. Ina roƙon malamaina da ke jagorantar sassan Hausa da na wasan kwaikwayo su haɗa hannu a fassara Antigoni da Masu Neman Mafaka, a koyar da su tare, ɗalibai su hau dandali su yi su. Kowannensu bai kai layi 1,400 ba, aiki ne da aji ɗaya zai iya gamawa cikin zangon karatu guda.